Alhaji Garba da Filinsa na Ikko

Duk wanda ya taɓa kawo wa Yaya Alhaji tsaraba ya san abin da zai biyo baya. Ba zai ce an gode ba tukuna. Sai ya karɓa ya jujjuya ta, ya leƙa gindinta, ya shinshina, sannan ya ɗago ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Ta wace ƙofa ta shigo ƙasar nan?" In ka ce ta Ikko, ka tsira, har addu'a za ka samu. In kuwa bakinka ya suɓuce ka ce Kwatano, to Allah ya ba ka haƙuri, gyara zama kawai, don yinin ranar a kan tabarmarsa za ka ƙare shi.

Ni Asabe, ƙanwar matarsa Hajiya Binta, na fi kowa shan wannan karatu. Tun da maigidana ya rasu suka ɗauko ni daga Tudun Murtala suka ba ni ɗakin baya a gidansu na Nassarawa, a nan nake, kuma kun san ni, ko Zariya ban taɓa wucewa ba. Amma yau ko daga barci aka tashe ni zan faɗi tashar da ruwanta ya fi zurfi da wadda tireloli suka fi daɗewa a layi. Ba don na so ba. Ɗura aka yi mini. 'Ya'yansa sun ce in rubuta abin da na tuna, to ga shi, amma kada wanda ya zaci yabo kaɗai na zo yi. Ina da haushi a cikina, kuma sai na amayar da shi.

A Ikko ya yi ƙuruciyarsa. Da rakiyar shanu ya fara zuwa, a jirgin ƙasa, ya koma fiton kaya a tashar jiragen ruwa, daga baya ya shiga shigo da kekunan ɗinki yana kawowa Kano. Da kekunan nan ya sayi gidan da muke ciki, tsohon gidan Turawa mai rufin kwano da mangwarori a baya. Kuma har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ce Legas ba. Wai wannan sunan 'yan boko ne da waɗanda suka je jiya.

Tun Kabiru, autansa, yana goye, ya dawo daga wata tafiya yana ta washe baki, ya ce ya sayi fili a Ikko. Hajiya ta yi hamdala, ta tambayi sunan unguwar.

"Ba ta da suna tukuna."

"Mota dai tana zuwa ko, Alhaji?"

"Kwalekwale yana zuwa."

Ashe can bayan gari ne ta gabas, inda kwalta ta ƙare tun tuni, a hannun wasu masunta ya saya. Rabi yashi, rabi ruwa, in teku ta cika rabin yashin ma sai ya nutse. Abin da ya dawo da shi wata takarda ce mai dangwalen yatsu, da gwangwanin madara cike da yashin wurin, ya ɗora a saman kabad ɗin falo, wanda ko gogewa ba a yi sai da izininsa.

"Ikko tana tafe," in ji shi. "Gari ne mai cin ƙasa kamar wutar daji. Ranar da ta iso filin nan, kowa zai san wane ne Garba."

To, da a nan abin ya tsaya, wa zai damu? Kowane tsoho da abin da yake wasa da shi. Amma rufin gidan nan tun na Turawa ne, ya tsufa ya zama rariya, kuma filin nan ne ya hana a taɓa shi. Da an yi maganar gyara sai ya ce, "In zuba dukiya a rufin gidan da za mu bari? In Ikko ta iso, bene za mu gina, kowa da tagarsa yana kallon jiragen ruwa." Ɗakina kuwa shi ya fi kowanne yoyo. Duk damina katifata sai ta zagaye ɗakin nan tana gudun ruwa, robobi da kwanuka jere kamar ina talla. Ranar da na gaji na same shi a ƙarƙashin mangwaro.

"Yaya Alhaji, don girman Allah, falle ɗaya na kwano."

"Asabe, daina ƙorafi. Na ba ki kusurwar gabas ta filin Ikko, kyauta, yayarki shaida ce."

"Kwano nake nema, ba kusurwa ba."

"Kun ji ƙaramin tunani! Ana ba ta Ikko tana neman kwano."

Na tafi ina ƙunƙuni. Amma ba zan ɓoye muku ba, da aka daɗe ana faɗa, sai kusurwar nan ta shiga raina. Mace ba miji, ba ɗa, a ce wai tana da wani abu nata na kanta a duniya, ko da kifi ne ke kwana a kai. In ruwa yana ɗiga a roba sai in ce, ba komai, ina da gabas.

Wanda ya ƙara hura wutar shi ne maƙwabcinmu, Alhaji Mamman, Bakatsine, mai shigo da motoci da atamfofi ta Kwatano. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ban taɓa ganin aminan da suka yi shekaru ba su yarda da juna a kan komai ba irinsu. Wata Juma'a da damina motar Yaya Alhaji ta ƙi tashi, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Alhaji Mamman ya tsaya a ƙofarmu da sabuwar motarsa ya sauke gilashi.

"Maƙwabci, shigo mu tafi. Liman ba ya jiran 'yan Ikko."

Yaya Alhaji ya zagaya motar nan, ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa. "Ta ina ta shigo?"

"Ta inda ba a tsufa a layi."

"Kwatano ke nan. Ta taga. Mamman, ni ba na zuwa gaban Ubangijina a kan kayan da ya shigo ta taga."

"Wace taga? Da takarduna, na biya kuɗin fito!"

"Ko ɓarawo ya yi sallama, in dai ta taga ya shigo, sunansa bai canza ba."

Ya kama hanya a ƙasa. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Shi kuma wancan, da yake shi ma kansa ba daidai ba ne, maimakon ya wuce, sai ya bi shi a hankali, gilashi a sauke, ruwa yana shiga motar, yana yi masa wa'azin Kwatano, wannan yana mayar masa da na Ikko. Maigadinmu ya ce mutane har fitowa suke yi daga rumfuna suna kallo. Kafin su isa an idar. Ya dawo babbar riga ta manne masa kamar kazar da ta faɗa randa. Hajiya ta ce, "To Alhaji, ka rasa Juma'a, ka sha ruwa, wace riba aka ci?"

Yana atishawa ya ce, "Shi ma bai samu ba."

Wa ya wanke rigar? Wa ya dafa citta da kanumfari sati guda? Ku tambayi Asabe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda yake yi da abinci. Ka tashi tun safe ka tuƙa tuwo, ka kaɗa miya, ka soya nama, a kai musu falo shi da Alhaji Mamman, sai ya ce kada wanda ya taɓa. Ya jawo babbar langar tuwo tsakiya, wannan Ikko ce. Kwanon miya teku. Ɗan kwanon yaji Kwatano, farantin nama Lome, kwanon man shanu kuma Fatakwal, wai don ita mai gare ta. Kano kuwa sai ya shafa cikinsa ya ce ga ta nan.

"Ikko baki ce, Kano ciki. Abin da bai bi ta baki ba, ba abinci ba ne."

Alhaji Mamman ya ce, "In bakin ya kumbura fa? A Kwatano da Lome jirgi ya zo a sauke, ka ɗauki kayanka ka kama hanya. A Ikko direba ya shiga layi da baƙin gemu ya fito da furfura."

"In baki ya kumbura magani ake yi masa, ba a komawa ci ta hanci. Kai in tambaye ka, kayan da ake saukewa a Kwatano, su wa ke saye? Su nawa ne a garin? Unguwa ɗaya ta Ikko ta shanye su. Don mu suke saukewa. Zaure ce, Mamman, zauren Ikko. Ba mai gina arziki a zaure."

"Fatakwal fa?"

Ya ɗaga kwanon man shanu ya karkata shi. "Mai ne. Yau ga shi, gobe ya ƙare a wanke kwano. Mutane su ne arziki, kuma mutane suna Ikko. Mai saye yana can, mai sayarwa yana can, mai cuta ma yana can, don shi ma ya san inda ake samu."

Ni ina bakin labule ina kallon miyata tana yin fata, kitsen nama yana daskarewa. Na kasa daurewa, na shiga na miƙa hannu na ɗauke farantin nama.

"Ke! Ina za ki kai Lome?"

"Ɗumama ta zan yi, ta sandare."

Wallahi ko haushi bai ji ba. Ya juya wajen Alhaji Mamman fuska cike da murna. "Ka gani ko? Garin da mace za ta ɗauke da hannu ɗaya. Ce mata ta ɗauki Ikko mu gani."

Lokacin da aka rufe boda kuwa, har kunu ya sa na dama aka kai wa Alhaji Mamman, wai na jaje. Shinkafa ta yi tsadar da muka koma cin ta sai ranar Juma'a, amma shi ko a jikinsa, yana yawo a tsakar gida kamar shi ya rufe ta da hannunsa.

Yanzu bari in zo kan bikin 'yarsa Zainab, don ku da kuka ci shinkafa kuka tafi ba ku san abin da muka gani ba. Kowa ya san kayan ɗaki na uban amarya ne: gado, katifa, kujeru, kayan kicin, duk a wuyansa. Biki ya matso, shiru. Hajiya ta ja ni muka je muka same shi.

"Alhaji, maganar kayan ɗakin yarinyar nan."

"Ai na gama."

Muka dubi juna. "Suna ina?"

"Kusurwar yamma. Na ba ta duka, har da bakin ruwan."

Hajiya ta yi salati ta zauna a ƙasa. "Alhaji, a kan kusurwa za ta kwanta? Dangin ango za su zo ganin jere, mu nuna musu me?"

"Gado shekara nawa yake yi? Ƙwari su cinye. Kujera ta yage. Ni na ba 'yata abin da jikokinta za su ci. Duk Nassarawa wace amarya aka kai da Ikko?"

Haka mutumin nan ya kafe. Hajiya ta fitar da 'yan kunnenta na gwal, ni na buɗe akwati na kwaso tasoshin aurena da nake ta adanawa, ƙannensa mata suka kawo abin da ya sawwaƙa suna zaginsa a ɓoye, da kyar muka rufa wa yarinya asiri. Ranar jere a Hotoro, muna tsaka da aiki, sai ga direba da saƙo daga Yaya Alhaji: wata 'yar kwalba mai kyau, an ɗebi yashin gwangwani an zuba, wai a sa a gaban kabad inda kowa zai gani. Don a zauna lafiya na tura ta bayan kofuna.

Sai ga dangin ango. A cikinsu akwai wata gwaggonsa, tsohuwa mai idon shaho, irin masu buɗe tukunya su ƙwanƙwasa su ji ko mai nauyi ce. Ta bi ɗaki tana taɓe baki, hannunta ya kai kan kwalba.

"A'a, har da turaren wuta aka ɓoye mana? Ku kawo kasko mu ji irin na 'yan Nassarawa."

Kafin in buɗe baki ta zazzage rabi a kan garwashi. Mata suka yi shiru ana jiran ƙamshi. Garwashi ya yi cus ya mutu. Ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗago ta dube ni.

"Wannan turaren naku ai ba ya kamawa."

Me zan ce? Na ce, "Na Ikko ne, Gwaggo. Sai an jira shi."

Da labari ya je wa Yaya Alhaji, ba kunyar da muka sha ce ta dame shi ba. Cewa ya yi, "Rabi ta zubar? To a gaya mata ta ƙona wa jikanta ɗaki guda."

Kayansa na ƙarshe ma haka aka yi. Kwantena guda ta kekunan ɗinki, ya yi oda don teloli su samu kafin ɗinkin Sallah. Ta iso Ikko tun kafin azumi. Aka yi azumi, aka yi ƙaramar Sallah, aka yanka raguna, kwantena tana can a tasha, yau a ce takarda, gobe a ce layi, jibi a ce hanya ta toshe. Alhaji Mamman ya shigo da kaya ya sayar ya sake shigowa da wasu, kullum sai ya leƙo ta katanga ya ce, "Maƙwabci, ya jikin bakin?" Kabiru, da ya girma ya yi karatun kasuwanci, ya lallaɓa ya ce, "Baba, yanzu fa manyan jirage Lome suke fara tsayawa, ruwansu ya fi zurfi, ba sa ɓata lokaci. Da ka gwada can ko sau ɗaya."

"Da kuɗina aka koya maka zagin Ikko?"

"Ba zagi ba ne, Baba, cunkoso ne ya yi yawa."

"Cunkoso ai shi ne arzikin! Ka taɓa ganin layi a gaban mai ƙosan da ba ta iya ba?"

Da kekunan suka iso, duk sun yi ja da tsatsa. Ya shafa ɗaya ya nuna mana yatsa. "Gishirin teku. Shaida ke nan ta ƙofa suka shigo." Ya ba ni guda kyauta. Har yau ba ta taɓa juyawa ba. A kanta na riƙa ɗora babbar roba, don daidai wurin ruwan ya fi zuba. Daga nan ya bar kasuwa, ya zauna a gida, ba abin da ya rage masa sai rediyo da Alhaji Mamman da filin Ikko.

Abin da ya kawo ƙarshen magana, daminar bara ce. Wata rana da la'asar yana masallaci, silin ɗin ɗakinsa ya jiƙe ya rufto, ya faɗo daidai kan filonsa. Da a ce yana kwance, da tuni an yi sadakar arba'in. Yayata, matar da tun da aka kawo ta ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta a hannu.

"Alhaji, ko a sayar da filin nan a yi rufi, ko in tafi Hotoro wajen Zainab. Ban zo gidanka don gini ya binne ni ba."

Ya dubi filo, ya dube ta. Sannan ya ce Kabiru ya shirya ya tafi Ikko. "Ya je ya gaishe da filin, ya ga ko gari ya kusa. Ban ce sayarwa ba."

Kabiru ya tafi, ya nemo wani tsohon abokin uban, mai sayar da goro, wanda aka yi cinikin a gabansa, suka kama hanya. Ranar da ya kira ta wayar da ake ganin mutum, da hantsi ne, duk muka taru a falo. Ina ganin fuskar yaron na san ba lafiya.

"Baba, mun zo wurin. Babu ruwa."

"Babu ruwa kamar yaya?"

"An cike shi. Kwalta ce ko'ina. Sabuwar tashar da aka gina tana nan kusa, shi ne gari ya taho gaba ɗaya. Filinka yana cikin wata katanga, wani kamfani ne yake ajiye kwantenoni. Mun nemi masuntan, sun mutu, jikokinsu sun sayar wa wani, suka sake sayar wa wani, shi kuma ya sayar wa kamfanin. Na nuna wa lauya takardar, ya ce in kai wa mai ƙosai. Masu gadi ma yanzu suka kore mu daga bakin ƙofa."

Hajiya ta kama salati. Ni kuwa ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Damina nawa na kwashe ina kwashe ruwa saboda wurin nan! 'Yan kunnen yayata, tasoshina, kunyar Hotoro, duk a kan abin da wasu suka raba tun ba mu sani ba. Kai, mutane ba su da tsoron Allah! Tsoho ya saya da guminsa lokacin da ko kare ba ya zuwa wurin, ya riƙe amana yana jira, sai da abin ya nuna sannan aka tsinke. Na dubi Yaya Alhaji ina tsoron kada ya faɗi. Waya a hannu, ya matso da ita kusa da tabarau.

"Juya wayar. A hankali, kai! Waɗancan tireloli ne?"

"Eh, Baba."

"Duk a kan filina?"

"Har sun yi layi a waje."

"Layi! To kusurwar gabas fa, me ke wurin?"

"Nan ne ƙofar shiga."

"Asabe! Kin ji? Ta kanki ake shiga!" Ya miƙe tsaye kamar saurayi. "Hajiya, ba ni hulata."

Ya fita da waya a hannu, Kabiru yana cikin wayar yana ta "Baba, Baba." Na bi ta baya na tsaya jikin katanga. Tun daga ƙofa yake ƙwala kira.

"Mamman! Fito ka gani! Ikko ta iso!"

Alhaji Mamman ya fito, ya karɓi waya, Kabiru ya maimaita masa. Ya ce, "Garba, ai cewa yake an cinye maka."

"An cinye! Ƙwarai kuwa an cinye! Kai a Kwatano an taɓa cinye maka fili? Wa zai wahalar da kansa? Ɓarawo ba ya haura gidan da babu komai. Mutum uku suka saye shi, Mamman, uku! Na faɗa ko ban faɗa ba?"

Na jira in ji amsar da Bakatsinen nan zai bayar, don bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Can na ji ya ce a hankali, "Ka faɗa, Garba. Allah ya mayar maka da alheri." Sun daɗe a zaune. Da ya dawo bai ci abinci ba.

Washegari da safe sai ga mota cike da sabon kwano da katako, ga kafintoci. Na ja Hajiya gefe na ce, daga ina? Ta ce, "Ajiyar ginin benen Ikko ce. Tana nan tun tuni." Jama'a, ku ji fa! Ashe ba rashi ba ne! Na fita tsakar gida ko ɗankwali ban gyara ba.

"Yaya Alhaji, ashe da hali ka bar ni ina iyo shekara da shekaru?"

Bai ko dube ni ba. Ya ce da babban kafinta, "A fara da ɗakin baya."

Rufin nan bai ji ruwa a kansa ba sai sau biyu ko uku, damina ta wuce, ciwo ya kwantar da shi. Yanzu masu zuwa gaisuwa sai ka ji suna cewa, "Ai Alhaji mai hangen nesa ne." Su wa? Su ɗin da suke kiransa mai filin kifi a bayan idonsa! Da can ina bakinku yake? Mu da muka sha ruwan mu ke da ikon yi masa dariya, ba ku ba.

Ana saura 'yan kwanaki na kai masa kunu. Ya rame, murya ta dushe. Ya ce in zauna.

"Kusurwar nan, Asabe, da gaske na ba ki. Ba don in rufe miki baki ba ne."

"Na sani, Yaya Alhaji."

"Na so ki samu naki. Na so ki ga teku ko sau ɗaya."

Na ce, "Wace teku kuma ta rage? Ai ka kawo mini ita har ɗaki."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Hajiya ta shigo tana yi mini faɗa. Dariyarsa ta ƙarshe ke nan da na ji.

Ya Allah, ga bawanka Garba nan ya zo, da taurin kansa da kyakkyawar niyyarsa. Ka yalwata masa makwanci, ka ba shi wurin da ba a jira, ba a kora, ba mai sayar wa wani a bayan idonsa. Ka ba yayata haƙuri, ka ba Alhaji Mamman, da yanzu yake leƙo katanga ba mai amsa masa. Abin da ke tsakanina da shi kuwa, ya Rabbi, kada ka tambaye shi. Na yafe.